Sawuna a Laka

Laraba da dare, Kurmin Kogi

Yau na yi wa Rahila abin da ya hana ni sukuni. Muna dawowa daga fadama ta bakin rafi, ina ɗauke da kwandon tumatir, ita tana riƙe da wayata. Sai tsayawa take yi tana durƙusawa. Ta ɗauki hoton ƙwan kwaɗo a jikin ciyawa, ta ɗauki tururuwa tana jan ƙwayar shinkafa.

"Mama, tsaya ki gani!"

"In ga me? Ƙatuwar yarinya tana bin ƙwari kamar marar aikin yi!"

Da na waiga na ga ta saita wayar wajen ƙafata, raina ya ɓaci. Na ɗauka fason dunduniyata za ta nuna wa ƙawayenta su yi dariya. Na fizge wayar, na yi mata faɗa har gida a kan girmama iyaye. Ko tuwo ba ta ci ba.

Ɗazu na zauna ina goge hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai na ƙarshe ya tsayar da ni. Sawuna ne a laka, faso ya fito layi-layi, ta sa ƙafarta a cikinsa. Saura kaɗan ta cika shi.

Sauran hotunan sun tafi, ban san yadda ake dawo da su ba. Ban kuma iya ba ɗiyata haƙuri ba, ba a koya mini ba. Na dai sa wayar a caji, na ajiye kusa da kanta. Gobe ma ta bakin rafi za mu bi, kuma ba zan yi sauri ba.