Abin Da Na Rubuta A Kan Ayuba Ya Zama Wa'azin Wani

Salama gare ku 'yan'uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a wuya.

Ina zaune a Unguwar Boro, malamar firamare ce ni. Bara 'yata ta rasu tana 'yar shekara huɗu, zazzaɓi ne kawai. Tun daga nan addu'a ta gagare ni, in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. Wata ƙawata a zumuntar mata ce ta sa mini manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki a waya, ta jefa ni guruf ɗin cocinmu da ke ciki. Ba mu da yawa. Kowa zai karanta sura, ya rubuta abin da ya fahimta a gefen aya, in ya ga dama ya tura wa guruf. Shugaban wani dattijon ikilisiyarmu ne, Baba muke ce masa, kuma shi da kansa ya ce duk abin da aka rubuta a nan, a nan zai tsaya.

Da muka shiga littafin Ayuba sai na samu bakin magana. Na rubuta yadda na yi fushi da Allah, na rubuta cewa har yau takalmanta na makaranta suna bayan ƙofa, na kasa ɗauke su. Sauran suna sa mini Amin, shi Baba bai taɓa cewa uffan ba, ashe kwafar rubutuna yake yi.

Ran Lahadi fasto ya yi tafiya, aka ba Baba wa'azi. Ina zaune kusa da mijina sai na ji maganata tana fitowa daga lasifika, jimla bayan jimla, wai Ruhu ne ya ba shi saƙon. Wannan ma da sauƙi. Sai ya kawo misalin wata 'yar'uwa da ta ajiye takalman marigayiya a bayan ƙofa, ya ce wannan shi ne raunin bangaskiya. A cocin da kowa ya zo jana'izar nan, wa zai kasa ganewa? Mata suna ta waigowa suna kallona, ni kuwa na kasa ko ɗaga kai.

Bayan sujada na same shi cikin ladabi. Ya ce ai bai kama suna ba, Maganar Allah ba ta kowa ba ce, kamata ya yi in gode tunda mutane sun yi kuka. Mijina kuma ya ce in yi shiru, Baba ne ya tsaya mana a asibiti, shi ya ɗauki akwatin gawar. Ban manta ba. Amma alherin da ya yi mini ba shi ya ba shi izinin hawa mumbari da 'yata ba. Gaskiya na tsani ganinsa yanzu, kuma guruf ɗin nan ne kaɗai wurin da nake iya magana da Allah. In na fita ban san inda zan je ba, in na zauna ba zan ƙara rubuta gaskiya ba.

Jiya ya turo mini saƙo: "'Yata, mun ji ki shiru. Ki turo na sura ta gaba kafin Asabar, fasto bai dawo ba."

Wato shi zai sake yin wa'azi ran Lahadi. Ban ba shi amsa ba tukuna. In kai ƙararsa wurin fasto in ɓata da mijina, ko in faɗa a guruf kowa ya ji, ko in haɗiye? Ku da kuke waje, me zan ce wa mutumin nan kafin Asabar?