Safar Hannun Dogo a Kan Keken Babansa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a, kaina ya kulle.

Mijina tela ne, shagonsa na ƙofar gidanmu. Tun kafin ya aure ni yake goyon bayan ƙungiyar ƙwallon nan mai koriyar riga. Ranar da aka ci su ko abinci ba ya taɓawa, sai in rufe in ajiye. Ɗanmu na fari, da muke kira Dogo, gola ne. Babansa ne ya fara jefa masa ƙwallo a tsakar gida, shi ya ɗinka masa safar hannu ta farko da ragowar yadi da soson katifa. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk babban wasa Dogo zai kawo safarsa, ko ba ta yage ba, babansa ya bi bakin yatsun da koren zare. Kullum kore. Ni dai dariya nake musu.

Bara masu kore suka gwada Dogo, suka ce bai yi musu ba. Masu jar riga, manyan abokan hamayyarsu, suka ɗauke shi. Babansa bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Fatan alheri kawai ya yi masa, ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa. Tun ranar gaisuwa ce kaɗai ke haɗa su, mutanen da a da sai na yi da gaske nake raba su da hirar ƙwallo.

To yanzu ƙungiyoyin biyu ne za su buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa ranar Asabar, kuma Dogo ne a raga. Abokan babansa masu zaman bencin shago sun sa shi gaba da tsiya, wai ya haifi wanda zai hana su kofi. Makon jiya Dogo ya zo, ya gaishe mu, ya ci abinci, da zai tafi ya ɗora safarsa a kan keken babansa, ya fice. Har yau tana inda ya bar ta. Keken ma malam, wato baban nasa, ya daina hawa, sai sa maɓalli da kalmasar hannu, ga kayan mutane sun taru. Jiya wata ta zo karɓar ɗinkinta, ya ce mata keke ne ba lafiya. Anti, lafiyar keken nan ƙalau.

Ranar Juma'a Dogo zai biyo ya ɗauka. Na san halin ɗana, in ya tarar da ita yadda ya ajiye, ba zai sake kawowa ba har abada. Na yi tunanin in kai wa wani tela a ɓoye ya bi ta da jan zare, in mayar. Ko kuskure ne? Wallahi ban ma san wanda nake so ya ci ba.

Uwar Gola

Uwar Gola, sannu da zama tsakanin maza biyu masu hali ɗaya.

Kada ki kai wa kowane tela. Yaron da ya tashi a gindin keke ya san ɗinkin ubansa kamar yadda ya san tarinsa. Kallo ɗaya zai gane, sai ki ƙara masa ciwo biyu: uba bai yi ba, uwa ta rufe.

Ki kuma lura da abin da kika rubuto da hannunki. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe ba ta rasa sabuwar safar da za ta ba golanta ba. Dogo ba gyara ya kawo ba, tambaya ya kawo. Shi kuma malam, da ƙi yake so ya yi, ɗauke safa daga kan keke ba ya buƙatar lebura. Mutumin da ya gwammace ya ƙaƙaba wa kekensa ciwon ƙarya da ya matsar da ita gefe, ba fushi ke damunsa ba. Ina zargin zare ne. In ya sa kore, yana tsoron ɗansa ya ɗauka gori ne. In ya sa ja, yana ganin ya ci amanar ƙungiyar da ya tsufa a kanta. Kada ki raina wannan. Mu abin dariya ne a wurinmu, shi kuwa ƙuruciyarsa ce gaba ɗaya. Ga kuma kunyar da ba zai faɗa ba, cewa mutanensa ne suka mayar masa da ɗa.

Dogo ma yana da nasa laifin. Yana da baki, bai kamata ya bar safa ta yi masa magana ba.

Ga abin yi. Ki zaɓi lokacin da 'yan benci suka watse. Ki ɗauko koren zare ki ajiye kusa da safar, ki gaya wa malam sau ɗaya cewa yaron nan bai taɓa tsayawa a raga a babban wasa babu zarensa ba. Sai ki koma cikin gida, kada ki tsaya gadi. Ranar Juma'a kuma ki ce wa Dogo ya shiga shago ya karɓa da hannunsa, ba ke za ki miƙa ba.

Batun wanda zai ci kuwa, ki huta. Ko ta ina kofin ya faɗi, akwai mai murna a gidanki, akwai kuma wanda za ki rufe wa abinci. Ki dafa da yawa. Allah ya sa kafin Juma'a ki ji ƙarar keke daga ɗaki, ya kuma bar miki su duka biyun.