Numfashina Yana Tsayawa Cikin Barci

Fatakwal,
ranar Lahadi.

Maman Destiny,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina aikin gona? Yaya yara, yaya ƙafar Mama? Ki gaishe min da mutanen Rikoto.

Ni lafiya lau, kada ki tayar da hankalinki. Sai dai kamfani ya karɓe makullin mota, don gyangyaɗi ya ɗauke ni ina tuƙi. Ba wanda ya ji rauni, mun gode Allah. Na kwana a asibiti, an manna min wayoyi a ƙirji da hanci. Da safe likita ta ce, "Aaron, minsharin nan naka ciwo ne. Maƙogwaronka ke toshewa, numfashi ya tsaya, shi ya sa barci ba ya isarka."

Ta ba ni aron wata na'ura mai hura iska ta hanci. Tana taimakawa, amma a unguwarmu wuta ba ta zama, da an ɗauke sai ta mutu. Kamfani ya ce ba zan koma tuƙi ba sai likita ta sa hannu, likita ta ce sai na samu sauƙi. Ina zaune dai.

Ki gaya wa Fasto ya sa ni a addu'a, amma kada Mama ta ji. A gida, in na yi shiru cikin barci, ke kike girgiza ni har in ja numfashi. Nan ni kaɗai ne a ɗaki. Ki riƙa kirana da safe, ko ba ki da abin faɗa, ki ga ko zan ɗauka.

Ubangiji ya tsare ku.

Mijinki,
Aaron