Yatsu Huɗu a Kafaɗa

Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwar nan don tarbiyyar Mama kawai na yi ta.

Jiya na je gida na tarar da aikinka rataye a falo, saman talabijin: hotonmu na ƙarshe da Baba, wanda Mama ta ba ka ka buga mata a kyanbas. Baba na nan, Mama na nan, 'yan biyuna suna nan da haƙoransu waje. Ni fa? Rabin fuska! Ɗaya idon da kunnena ka naɗe su a gefen katako. Sai da na manna kumatuna da bango kafin na ga sauran kaina. 'Yan biyu har da riƙe ciki, wai leƙe nake yi.

Shekara goma kana wannan sana'ar, kada ka ce mini kuskure ne. In haushi kake ji don na daina ɗaga wayarka, fito ka faɗa. Ba mu da wani hoton da Baba ke dariya sai wannan. Ka sake shi kafin Lahadi da dangi za su zo duba Mama, ko in sauke shi da hannuna.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ina fata kina lafiya, ke da yaran.

Tunda ba ki tambaya ba sai zargi, bari in koya miki aikina. Kyanbas ba takarda ba ce. Yadi ne ake ja a kan katako a danne shi ta baya, kowane gefe yana cin kusan faɗin yatsu uku na hoton. Shi ya sa muke neman hoto mai sarari a gefe.

Abin da Mama ta turo mini kuwa, hoton allon waya ne, har da alamar batir a sama. Ɗan mitsitsin fayil ne na JPEG, an tura an sake turawa har ya matse. Da na faɗaɗa shi, gemun Baba ya koma ɗigo-ɗigo kamar tabarma. Kwana biyu na yi ina gyara. Na juya shi zuwa TIFF don kada ya ƙara lalacewa, amma juya fayil ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar.

Baba yana daf da gefen hagu, ke kina daf da gefen dama. Dole katako ya ci ɗaya. Na gwada dabarar maimaita gefe, kika fito da hanci biyu. Na zaɓi Baba. In laifi ne, wallahi gobe ma zan sake.

Da kyamararki aka ɗauka. Ki aiko da asalin fayil ɗin, a gama magana.

Na bar ki lafiya.
Ƙaninki

Auta,

Salam. Na ga karatunka, malam. Sannu da ƙoƙari.

Yau kai ne mai zaɓen Baba? Ranar da ya cika a asibiti sau tara na kira ka. Kana shago, injin na ƙara, waya na cikin aljihun rigar da ka rataye. Ni na riƙe hannunsa. Sau biyu ya tambaye ka, na ce kana hanya. Ƙarya na yi wa mahaifina a gadon mutuwarsa saboda kai, kuma har yau abin na ci na.

Asalin fayil RAW ne, irin na kyamara, wayata ba ta ma buɗe shi. Ban san inda katin kyamarar yake ba. Ka buga ƙarami a takarda, a sa a gilashi.

Wassalam.
Yayarka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki.

Kin san inda katin yake. Ke da ko rasit ɗin shekara biyar ba kya yarwa?

Na so in yi shiru, kin ƙi. Je ki tsaya gaban hoton ki dubi kafaɗarki, ta wajen Mama. Akwai yatsu huɗu a kai. Manunin yana da tabon wuƙar yankan kyanbas. Kwana biyu ina kallonsu a allo, sun kai girman hannuna na gaske.

Ni na kafa kyamarar ranar, na danna, na rugo na tsaya kusa da ke na dafa ki. Abin da ya ba Baba dariya ke nan, don saura kaɗan in faɗi. A gefena akwai bango da labule, sararin da zai ishi kowane katako. Ba ke ce a gefe ba, Yaya, ni ne. Kika yanke ni, kika ɗauki hoton allon waya, kika tura wa Mama. Ita kuma ta miƙo wa wanda aka yanke ya buga. Kin ɗauka ba ta lura ba? Cewa ta yi, “Buga shi yadda ta ba ni.”

Maganar asibiti ba ni da bakin kare kaina. Kullum na rataye rigar nan sai na tuna. Ki zage ni har ƙarshen rayuwata, na yarda. Amma raina ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai. Ubana ne ni ma, kuma ina wurin ranar da ya yi dariyar nan.

Ki gaida yaran.
Ƙaninki

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na je na duba. Mama tana zaune tana kallona.

Katin na cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a takarda. Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce.

Ka bar sarari sosai a gefen dama. In na zo Lahadi na tarar ka naɗe ko da kunnenka ne a bayan katako, ni da kai ne.

Ka kunna wayarka.
Yayarka