A Gyara Mana Baron Sito Kafin Ƙugun Bitrus Ya Goce

Zuwa ga Alhaji, Manajan sitonmu na Kudenda.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Sale na Unguwar Sanusi, tsohon mai lodin buhunan masara, wanda yanzu yake ɗinke bakin buhu. Na rubuto a fili ne domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Na farko, godiya. Bara da damina na sunkuya na ɗauki buhu daga ƙasa, na juya zan jefa shi cikin mota, sai ƙuguna ya riƙe, zafi ya sauka har yatsun ƙafata ta hagu. Na yi watanni ina sallah a zaune. Ba ka sallame ni ba, aiki ka canja min. Yau ina ruku'u da sujada kamar kowa, ina zuwa aiki da ƙafata, alhamdu lillahi.

Na biyu, abin da na gano a asibiti. Likitar da ta riƙa gasa min baya ta nuna min ƙashin gadon baya na roba. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai faifai mai taushi, sannan wasu jijiyoyi masu tauri kamar igiya sun ɗaure su gaba da baya. Ta gaba faffaɗa ce, mai ƙarfi. Ta baya kuwa sirancewa take yi idan ta sauko ƙugu, gefenta ya zama ba kariya sosai. Idan mutum ya sunkuya da nauyi kuma ya murɗa jiki, ta nan faifan yake bulluƙowa ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Ta ce min, "Baba, ba sammu ba ne. Yadda kake ɗaukar kaya ne."

Na uku, kukana. Tayar baron sito ta fashe tun kafin ciwona. Na faɗa wa shugaban leburori, ya ce za a duba. Har yau baron yana jingine da bango, buhuna kuma a ƙasa ake jibge su. Bitrus na Sabon Tasha, abokin aikina da ya goya ni har bakin titi ranar da ƙuguna ya riƙe, makon jiya na gan shi yana dafe da ƙugu, yana jan ƙafa. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce. Ni ma haka na riƙa cewa. Ga shi matarsa na da tsohon ciki, kuma shi kaɗai ke nema musu.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙon a gyara baron, a kuma sa katako a ɗaga buhunan daga ƙasa. Bitrus kuma a tura shi asibiti tun yana iya tafiya da kansa, a tabbatar masa aikinsa na nan yana jiransa, domin tsoron kora ne ya sa yake ɓoyewa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya shirya maka zuri'a.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
Sale.