Asirin Da Ban Yi Ba

Akurba, Lafiya

Zuwa ga maigidana Malam Munzali,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, ya mahaifiyarka Hajiya da jikin tsufa? Takarda na rubuto saboda ka toshe lambata, sai ka ce wadda ta ci maka amana.

Labari ya iske ni har gidanmu, inda na dawo da zama. An ce ka faɗa wa Hajiya ni na ɗaure ka da asiri, shi ya sa har yau ba mu haihu ba. Yanzu ko gidan suna na shiga a Bukan Sidi, mata janye 'ya'yansu suke yi. Wallahi ka ba ni kunya.

Ni da kai mun san abin da ke faruwa a ɗakinmu. Maniyyinka ya fara raguwa, ya tsinke, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. In ka yi fitsari bayan kwanciya sai ya fito fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ga ƙishirwa, ga rama, ga kiyashi sun yi sansani a makewayi. Na ce mu je asibiti, ka ce namiji ba ya kai wannan gaban likita. Sai ka bi mai maganin tasha, kullum jug guda na kunun aya da dabino da zuma da madarar gwangwani, wai yana ƙara ruwa. Me ya ƙara?

Ni an auna ni, lafiyata ƙalau. Ka je a duba ka.

Matarka,
Rabi'a

*

Malam Munzali,

Ina gaishe ka, ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ranar da ka faɗi a shago, da yayana Mala ya gaya min, ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. A gabana likita ya yi maka bayani, saboda haka kada ka ce ba ka ji ba. Ciwon suga ne ya daɗe a jikinka har ya taɓa jijiyoyi, bakin mafitsara ya daina rufewa, maniyyin yake komawa ciki maimakon ya fito. Zaƙin da kake ɗura wa kanka ya ƙara lalata lamarin. Ya kuma ce in ka bi magani ba a fid da rai da haihuwa ba. Na yi kukan murna a wurin, kai kuwa ka juya fuska bango.

Jiya ka aiko Ya Mala wai in dawo, za a ce wa mutane wani malami ne ya karya asirin. To wa ya yi asirin ke nan? Kai ka warke, ni in zauna da sunan matsafiya har in mutu?

Ban ce ka tona kanka ba. Ka tsaya gaban Hajiya da 'yan'uwanka ka ce Rabi'a ba ta yi min komai ba. Iyakar abin da nake nema ke nan, ranar da ka yi haka zan haɗa kayana in dawo.

Rabi'a

*

Malam Munzali,

Gaisuwa da fatan alheri.

Naman ya iso. Ashe rago Hajiya ta yanka na godiya ga Allah da Ya kuɓutar da ɗanta daga sharrina, kuma kai ka riƙe wa mahauci ƙafa. Har da rabon gidanmu aka aiko, don a nuna an yafe min. Mahaifiyata ta karɓi kwanon da hannu biyu ta yi godiya, ta shiga ɗaki, tun jiya ba ta fito ba.

Na so ka, Munzali, har yanzu ban gama cire ka daga raina ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Kada ka ji tsoro, abin da na sani game da jikinka babu wanda zai ji shi daga bakina, ko a gaban alƙali. Ka riƙe mutuncinka, tunda da nawa ka saye shi.

Ka aiko min da takardata.

Rabi'atu Abba