Muryar da Inna Ke Jira

Leeds, Ingila
9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga ƙanwata Raihanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Gazali da mutanen Tambuwal. Ya koyarwa? Ga shi na rubuta a takarda na ɗauki hoto na turo, tunda kin ce saƙon waya ba ya shiga ranki.

Albishirinki. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, an ɗauke ni daga yi musu wanka an mai da ni teburin karɓar baƙi, ni ke amsa waya. Shugabarmu ta ce duk wanda ya ji ni ba zai yarda ba a nan aka haife ni ba. Shekara uku ina murɗa harshen nan, yau ga ranarsa. In kina so in riƙa turo wa ɗalibanki darasi, ko sa huta da Turancin nan naki mai ƙamshin daddawa.

Ya Inna, ya idon nata? Juma'ar da ta wuce na kira Kebbe, Gwaggo Atu ta kara mata wayar a kunne, na yi ta zuba ni kaɗai kamar rediyo, ko tari ba ta yi ba. Na sani, ni ne ɗan fari, tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yi hira da ni. Amma da ina gida, ina yin sallama zan ji ta ce da ke, "Miƙa ma yayanki hura." Wannan kaɗai ya ishe ni. Ina kewarta, Raihanatu, fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ki gaishe da kowa. Naki,
Sharifuddeen

*

Tambuwal
16 ga Yuni, 2024

Yaya Sharu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta sauka, gero ya fito. Barka da ƙarin girma, Allah ya sanya alheri. Turancina mai daddawa kuwa yara arba'in da bakwai suna gane shi sarai, riƙe darasinka. Kai ne dai ranar da kuka gaisa da Malam ya ajiye waya ya tambaye ni ko mura kake yi.

To, bari in bar wasa. Jiya na je Kebbe a kan babur, hanya duk laka. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa, bakina ya kasa faɗa maka, shi ya sa na nace mu koma takarda.

Shirun Inna ba kunyar ɗan fari ba ce. Ka san tun da idonta ya rufe da murya take gane mutane, Kawu Bube ko gyaran murya ya yi a ƙofar gida ta san shi ne. Jiya na zaunar da ita na ce, Inna, ko sau ɗaya ki amsa masa mana. Sai ta ce, "Ku bar wahal da ni. Wanga mai kira yana da ladabi, Allah shi yi mai albarka, amma ba yayanki na ba. In wani abu ya same shi ku gaya man, ni ba yarinya ta ba."

Yaya, gani take ka rasu, ko kana wani mugun hali, mun samo wani yana kira da sunanka. Kuma ba ta da laifi, ka tuna kwana biyu aka yi ana ce mata Baba yana samun sauƙi a asibiti, alhali an riga an binne shi. Na rantse mata har na gaji, ta ce wancan karon ma rantsuwa aka yi.

Ba Turancinka kaɗai ya canja ba. Hausar ma ta hanci take fitowa yanzu, a sanyaye, kamar kana tsoron kada ta ƙona maka baki. Ni na saba. Ita kuwa muryar ce kaɗai abin da ya rage mata naka.

Ka yafe mini. Ƙanwarka,
Raihanatu

*

Leeds
23 ga Yuni, 2024

Raihanatu,

Bayan gaisuwa. Mako guda wasiƙarki tana cikin wayata na kasa amsawa. Wato duk Juma'ar nan da nake zuba mata labari, baƙo take saurare don kada ta ba shi kunya.

Kada ki ɗauka don yanga na yi. Makona na farko a nan, na kai wa wani tsoho magani, na yi masa bayani sau uku, ya dubi bayana ya ce a kira masa mai jin Turanci. Ni da na yi shekara bakwai ina koyar da Turanci a firamaren unguwarmu! Abokan aiki 'yan ƙasarmu ma ba su bar ni ba, in na buɗe baki sai su kwaikwaye ni su fashe da dariya. Daga ranar na sa kaina gaba. A bas ina maimaita abin da na ji, a banɗaki ina kallon leɓena a madubi, har fensir na riƙa sawa tsakanin haƙora. Ba ni da wanda zan yi Hausa da shi sai minti goman nan na Juma'a. Ban san lokacin da abin ya bi ni har cikin Hausata ba.

Abin haushin, Turawan su ma ba salon magana ɗaya gare su ba. Akwai wata tsohuwa a nan, Magaret, haifaffiyar garin nan. Ta ce da ta je aiki Landan tana budurwa, dariyar maganarta aka riƙa yi ana ce mata 'yar ƙauye. Da na ba ta labarin Inna, cewa ta yi ita ma ta fi son bakin da na zo da shi, wai yanzu ina magana kamar na'urar da ke amsa waya a ofis. Shekara uku na yi ina wahala, sakamakon ke nan.

Zuwa gida ba zai yiwu ba yanzu, takarduna suna wurin sabuntawa, in na fita ba mai ba ni tabbacin komawa. Don haka jiya na rufe ƙofa na ɗauki gaisuwa a waya irin yadda nake yi da. Sau goma sha ɗaya na ɗauka ina gogewa. Duk wanda na saurara sai in ji kamar wani ne ke kwaikwayon Basakkwace. Na turo miki mai dama-damar. Ki sa mata, don Allah, ki gaya mini gaskiyar abin da ta ce.

Yayanki,
Sharifuddeen

*

Tambuwal
30 ga Yuni, 2024

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka ce gaskiya, to ga ta. Na sa mata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wanga ya fi wancan ƙoƙari. Ina kunka samo shi?" Gwaggo Atu ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa fita na yi bayan ɗaki na share hawayena.

Tunda an fara gaskiya bari in ƙarasa. Tun bara, kullum da hantsi Inna takan sa Gwaggo ta ja ta zuwa bayan katangar firamare, ta zauna a gindin darbejiyar nan. Mun ɗauka iska take sha. Ashe Maccido ne ke riƙe da aji huɗu yanzu, ɗalibinka na da, kuma Turancinsa irin naka na da ne sak, har yadda kake ɗaga murya a ƙarshen magana ka buga tebur. In ya faɗa yara suka amsa, sai ka ga tana gyaɗa kai. Ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba, ka san ba za ta faɗa ba.

Mako uku da suka wuce Gwaggo ta tafi bikin suna garin Fakku. Inna ta ɗauki sanda ta fita ita kaɗai bayan an ɗauke ruwa, santsi ya kwashe ta a bakin kwata, ta karye a hannun dama. An yi mata ɗori, yana kamawa. Ni na ce kada a gaya maka, don ban ga abin da za ka iya daga can ba. Yanzu ba ta iya zuwa katangar, kuma tun daga lokacin abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu. Wannan ne ya fi damuna.

Asabar zan koma. Allah ya sada mu da alheri.
Raihanatu

*

Leeds
6 ga Yuli, 2024

Raihanatu,

Salam. Sai yau da safe na iya buɗe wasiƙarki, kuma kin ji abin da ya biyo baya. Saƙon muryar nan da na turo miki, ki goge shi. Raina ne ya ɓaci, ban ma san me na faɗa ba, a tsaye nake a tashar bas mutane suna kallona. Ke ke hawa babur cikin laka kowane mako, ni ina nan ina gyara baki, ban isa in ɗaga miki murya ba. Ki yi haƙuri, ki ba Malam haƙuri in ya ji.

Ki ga ta ci wani abu, ko kunu ne.

Yayanki mai laifi,
Sharifuddeen

*

Kebbe
7 ga Yuli, 2024

Yaya Sharu,

Wa alaikumus salam. Ba zan goge ba, ko na so ma ba ni da iko da shi yanzu.

Ina zaune kusa da Inna ina lallashinta ta sha fura saƙon ya shigo. Na ɗauka wata gaisuwar ce ka sake, na buɗe a gabanta. Sai ga ka tsakar gida kamar an jefo ka: "Ke Raihanatu! Mi kunka maishe ni? Inna ta karye sati ukku kunka yi shiru, sai ka ce ba ni da rai!" Na yi wuf zan kashe, ta riƙe mini hannu da hannunta mai lafiya.

Ta ce, "Wa yat taɓa shi?"

Na ce ni ce, Inna. Ta ce, "Kin kyauta. Sake sa man."

Sau biyar na sa mata zagin da ka yi mini, tana murmushi hawaye na zuba. Ta shanye furar, ta ce a ƙara. Wayata tana ƙarƙashin matashinta, da ta Gwaggo na ɗauki hoton wasiƙar nan.

Da zan fito ta juya fuska bango, ka san halinta, ta ce, "Gaya ma yayanki hannu ya yi sauƙi. In za shi kira, shi kira da hushinai."

Juma'a tana jira. In ka rasa abin da zai ɓata maka rai, gaya mini, zan nemo maka.

Ƙanwarka mai Turancin daddawa,
Raihanatu